Yadda Ake Hango Guguwa Tun Tana Cikin Hadari

 

Yau za mu ɗan fita daga ɗakin magani mu ɗaga kai sama, sai dai ba za mu yi nisa sosai ba, domin na'urar da zan yi muku bayani 'yar'uwar wata ce da yawancinmu mata muka sani. Duk wadda ta taɓa zuwa awon ciki ta san 'yar na'urar nan da ake shafa wa mai a ɗora a kan mara, can sai a ji bugun zuciyar jariri kamar sukuwar doki. Sunanta Dofla. Ta ci sunan wani masani ne ɗan ƙasar Ostiriya, Kiristiyan Dofla, wanda a shekarar 1842 ya bayyana wani abu da kunnenmu ya riga ya sani: idan motar ɗaukar marasa lafiya ta nufo ki, jiniyarta takan yi tsini, da zarar ta wuce sai ki ji muryar ta yi kauri. Jiniyar ba ta canja ba, motsin motar ne ya canja abin da ya iso kunnenki. Na'urar awo tana aika sauti cikin jiki, ya bugi zuciyar da ke motsi ya dawo da ɗan sauyi, daga wannan sauyin ake gane motsin.

Masu nazarin yanayi su ma haka suke yi wa hadari. Tasu na'urar ana kiranta rada. Ba raɗa ba, kodayake ita ma rabin aikinta kasa kunne ne, kai, fiye da rabi ma: irin wadda ake amfani da ita a Amurka, idan aka tara lokacin da take aika saƙo cikin awa guda bai wuce daƙiƙa 7 ba, sauran duk sauraro take yi. Faranti ne babba mai faɗin kusan mita 8 da rabi, a cikin wani farin ƙoƙo kamar ƙwallo a kan hasumiya. Yana juyawa yana harba igiyar rediyo cikin sararin sama, igiyar ta bugi ɗigon ruwa ko ƙanƙara ta dawo. Jinkirin dawowar shi ke nuna nisa, ƙarfinta ya nuna yawan ruwan, sauyin da Dofla ya gano kuma ya nuna ko ɗigon yana tahowa ne ko yana tafiya. Tunda iska ce ke ɗauke da ɗigon, an ga iska ke nan.

Me ya sa Amurkawa suka damu da ganin iska har haka? Saboda wata irin guguwa da suke kira tonado. Kada ku haɗa ta da guguwar da muka sani ta lokacin bazara, wadda ke tashi daga ƙasa da rana tsaka sama tarwai, ta kwashi leda da kara ta wuce, yara suna gudu ana ce musu akwai mutanen ɓoye a ciki. Wannan zafin ƙasa ne ke haifar da ita, kuma da wuya ta yi ɓarna mai yawa. Tonado daga cikin hadari take, tana haɗa gajimare da ƙasa kamar mazurari, kuma a Amurka ana samun kimanin 1,200 a shekara. A ranar 3 ga Mayun 1999, wata rada da aka ɗora a kan mota ta auna iskar da ta haura kilomita 480 a awa a cikin wadda ta afka wa yankin garin Moore a jihar Okalahoma. Irin wannan iska ba kwanon rufi kawai take ɗagawa ba, gidan take sharewa ta bar daɓe.

Yadda juyin yake farawa abin sha'awa ne. A tsakiyar Amurka, iska mai ɗumi da laima takan taso daga kudu, daga Tekun Meziko, tana bin ƙasa, a can sama kuma wata iskar mai ƙarfi tana kaɗawa daga yamma. Iskar da ke tsakaninsu sai ta riƙa naɗewa a kwance kamar ana naɗe tabarma. Idan hadari ya haɗu, iskar da ke hawa sama cikinsa da ƙarfi sai ta ɗaga wannan naɗin ta tsayar da shi. Daga nan cikin hadarin ya fara juyawa, faɗin kilomita 3 zuwa 10. Wannan shi ne uwar juyi, kuma a ƙarƙashinta ne mafi munin tonado suke fitowa.

Alamar farko da aka gano ba ta iska ba ce, ta siffar ruwa ce. A ranar 9 ga Afrilun 1953, wani ma'aikaci mai suna Donald Staggs yana aiki da rada kusa da garin Champaign a jihar Ilinoi, sai ya ga hoton hadarin ya fitar da wata jela a lanƙwashe kamar ƙugiya. Daga baya aka gano cewa daidai wurin tonado ta bi. Juyin ne yake jawo ruwan yana naɗe shi a bayan hadarin, shi ya sa ƙugiyar. Har yau ana duba wannan alama, amma ba kowace tonado ke zuwa da ƙugiya ba, ba kuma kowace ƙugiya ke haihuwa ba.

To ga inda na fi so ku tsaya ku fahimta, domin shi ne ƙashin bayan maganar. Rada ba ta iya ganin iskar da ke gittawa ta gabanta daga hagu zuwa dama. Abu biyu kawai ta sani: mai tahowa da mai tafiya. To ta yaya za ta gane juyi? Ki ɗauka kina tsaye daga nesa kina kallon shataletale. Motocin da ke hannun damanki suna nisantarki, na hannun hagu suna nufo ki, alhali duk zagaye ɗaya suke yi. Ko da ba ki ga shataletalen ba, idan aka ce miki a wuri guda, kafaɗa da kafaɗa, wasu na tahowa a guje wasu na tafiya a guje, kin san zagaye ake yi. A allon masu hasashen yanayi, iskar da ke tahowa kore ce, mai tafiya ja. Idan kore mai haske ya manne da ja mai haske a ɗan ƙaramin wuri, nan ne gaban mai kallon allon yake faɗuwa. Iya kusancinsu da iya ƙarfin kalar, iya tsananin juyin. (Mu a asibiti akasin haka muka saba: a hoton jijiya, ja shi ne jinin da ya nufo na'ura, shuɗi mai tafiya. Abokan aikina, kada mu kalli taswirar yanayi da idon ɗakin hoto.)

An tabbatar da wannan ne a ranar 24 ga Mayun 1973, lokacin da tonado ta ratsa garin Union City na Okalahoma. Masu bincike a garin Norman suna bin hadarin da radar Dofla ta gwaji, wasu kuma suna ɗaukar hotonsa daga ƙasa. Da aka zauna aka haɗa bayanan, sai aka ga alamar matsattsen juyin ta bayyana can sama cikin gajimare sama da minti 20 kafin guguwar ta taɓa ƙasa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, ashe marar kyau ma haka. Wannan bincike na cikin abin da ya sa Amurka ta shimfiɗa irin wannan rada kusan 160 a faɗin ƙasar da wasu sansanoninta a shekarun 1990. Wasu masana biyu, Simmons da Sutter, sun yi lissafi a 2005 cewa bayan kafa su, tazarar gargaɗi ta tashi daga kimanin minti 5 zuwa kusan minti 10, mace-macen da ake tsammani kuma suka ragu da kashi 45 cikin ɗari. Ƙarin minti biyar ne fa kacal.

Zuwa 2013 an ƙara wa radar wata dabara: tana aika igiya a kwance da kuma a tsaye, don haka tana gane siffar abin da ta buga. Manyan ɗigon ruwa sukan baje kamar waina idan suna faɗowa, duk kusan kamarsu ɗaya. Ganye, katako da kwanon rufi kuwa kowa da siffarsa. Idan a daidai inda kore ya manne da ja aka ga tarkace marasa kama da juna, an tabbatar guguwa tana ƙasa, ko da dare ne, ko ruwa ya lulluɓe ta ba mai iya ganinta. Wannan alama tana da ɗaci, domin kafin ta fito a allo gidan wani ya riga ya tashi sama. Amfaninta na mutanen garin da ke gaba ne.

Amma kada ku ɗauka idon rada ba shi da hakiya. Duniya a lanƙwashe take, igiyar kuma tana tafiya kusan a miƙe, saboda haka iya nisanta iya hawanta sama. A nisan kilomita 100 ta kai kusan kilomita ɗaya da rabi daga ƙasa, a kilomita 200 ta kai kusan 4. Abin da ke faruwa a ƙasan wannan, inda gidaje suke, ba ta gani. Tana kuma buɗewa kamar hasken tocila: a kilomita 100 faɗinta ya haura kilomita ɗaya da rabi, alhali yawancin tonado ba su kai rabin haka ba. Ke nan galibi uwar take gani, ba 'yar ba. Kuma cikin kowace uwar juyi huɗu da rada ta gano, kusan ɗaya ce kawai take haifar da tonado. Shi ya sa kusan kashi 70 cikin ɗari na gargaɗin da ake bayarwa a can sukan wuce ba a ga komai ba.

Mu ma'aikatan jinya mun san wannan matsalar farin sani. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya ga yaro ba lallai sanƙarau ba ne, amma babu mai hankalin da zai ce a jira a tabbatar kafin a motsa. Mun kuma san ɗaya gefen: na'urar da ke yawan ƙara a gefen gadon majiyyaci ba tare da wani abu ya faru ba, a hankali kunnen mutane yakan daina jinta. Wannan gajiya da ƙararrawa ita ce ta fito fili a garin Joplin na jihar Misuri.

Ranar Lahadi ce, 22 ga Mayun 2011. Hukumar yanayi ta fitar da gargaɗi da ƙarfe 5:17 na yamma, guguwar ta sauka da 5:34. Minti 17 ke nan, fiye da abin da aka saba samu. Duk da haka mutum 158 suka rasu, sama da 1,000 suka ji rauni, a garin da mutanensa ba su wuce 50,000 da ɗoriya ba. Da jami'an hukumar suka bi waɗanda suka tsira suna tambaya, sai suka tarar yawancinsu ba su nemi mafaka da jin jiniyar farko ba. Wani ya leƙa waje ya duba sama, wani ya kunna talabijin, wani ya jira ya ji ta bakin wani. Sun saba jin jiniya ba abin da ya biyo baya. Ba na ganin laifinsu, haka ɗan Adam yake, sai ya ga tabbaci na biyu da na uku. Sai dai a neman tabbacin nan ne mintunan da rada ta samo musu suka zube.

Guguwar ta bi ta kan babban asibitin garin, St. John's. Ma'aikata sun samu sun fara janye majiyyata daga jikin tagogi zuwa baranda ta ciki kafin ta iso. Cikin ƙasa da minti ɗaya gilasai suka tarwatse, wuta ta ɗauke, janareto ya lalace. Majiyyata biyar da ke kan na'urar numfashi suka rasu, da wani mutum ɗaya da ya zo dubiya. Cikin kimanin minti 90 aka kwashe majiyyata 183 daga ginin, a cikin duhu, ta matakala. Duk lokacin da na karanta wannan lissafin, abin da nake gani shi ne mutanen da suka riga suka san wa zai ɗauki wa, ta wace ƙofa, tun kafin ranar. Ba a tsara irin wannan cikin minti 17.

Na san cikin masu karanta mu akwai mazauna Tekzas, Okalahoma, Misuri da maƙwabtansu, ɗalibai da ma'aikata da amaren da aka kai. Ku sani sanarwar iri biyu ce. Ta farko tana cewa yanayin yau zai iya haifar da guguwa, a zauna cikin shiri, takan ɗauki awanni. Ta biyu ita ce wadda wayarku za ta yi wata irin ƙara mai firgitarwa, jiniyar gari ma ta tashi. Wannan tana nufin an ga juyi a rada ko an ga guguwar da ido. Idan ta zo, ba lokacin leƙe ba ne, ba kuma lokacin ɗaukar bidiyo a tura gida ba. A sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa in akwai, in babu a shiga ɗakin da ya fi zama a tsakiyar gida a hawa na ƙasa, marar taga, ko da banɗaki ne. A rufe kai da katifa ko hular kwano, domin raunin kai na cikin manyan abin da ke kisa. Kada a tsaya buɗe tagogi, kada a fake a ƙarƙashin gadar sama, kuma gidan tafi-da-gidanka ba mafaka ba ne ko kaɗan. Ku zauna da yara ku nuna musu ɗakin yau, su san shi kamar yadda suka san inda ake ajiye sukari.

Mu na gida fa? Ba kasafai ake samun rahoton tonado a ƙasar Hausa ba, kuma kada wani ya ɗora mana tsoron abin da ba namu ba. Namu hadarin daban ne. Yakan jeru ne a dogon layi, ya taso daga gabas ya nufi yamma da gudun kimanin kilomita 50 a awa. Iska mai sanyi da ke faɗowa tare da ruwa ita ce ke bazuwa a gabansa, ta tashi jan bangon ƙurar nan da muke gani kafin ɗigon farko. Iskar a miƙe take, shi ya sa bayan ta wuce za ku ga bishiyoyi da turakun lantarki duk sun kwanta suna kallon gefe guda. A rada, layin yakan bayyana a lanƙwashe kamar baka, kuma tsakiyar bakan nan ne iskar ta fi ƙarfi. An taɓa kallon irin wannan hadari da kyau a yankinmu: a daminar 2006 masu bincike sun kafa radar Dofla ta jami'ar MIT a filin jirgin saman Yamai, suna bin layukan hadari da ke ratsa Nijar. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017 kuma ya nuna cewa mafi tsananin irin wannan hadari a yankin Sahel ya ninka sau uku tun daga 1982.

Abin da ke ci mini rai shi ne namu ya fi na Amurka sauƙin hangowa. Su suna fafutukar minti goma, mu layin hadarin da ya wuce Dutse yana buƙatar kusan awa biyu kafin ya iso Kano, in bai mutu a hanya ba. Amma wasu masana sun ƙirga a 2023 cewa duk Afirka radar yanayi ba su kai 40 ba, yayin da Amurka da Tarayyar Turai suke da sama da 600. Hukumar NiMet tana fitar da hasashe kullum, akwai kuma hotunan tauraron ɗan Adam, amma hasashen “za a iya samun tsawa da iska a wasu sassan jihar” daban yake da saƙon da zai ce wa mai shago a Sabon Gari ya rufe nan da minti arba'in. Wannan abu ne da ya kamata mu riƙa tambayar wakilanmu a kai, kamar yadda muke tambayar maganar asibiti da ruwan sha. Kafin a kai can, 'yar'uwarki da ke aure a garin da ke gabas da ku ita ce radarki. Ku yi alƙawari duk wadda iska mai ƙarfi ta fara isa wurinta ta kira ta yamma.

Abin da muke karɓa a sashen gaggawa bayan ruwan farko kusan iri ɗaya ne kowace shekara. Kwanon rufi ya yanki mutum. Bulo ko dutsen da aka danne rufi da shi ya faɗo a kan yaro. Katangar da ta sha rana wata bakwai ta rufta kan wanda ya raɓe a jikinta. Sai kuma wayar wuta da ta faɗi cikin ruwa. Da yawa a tsakar gida abin yake samunsu, uwa ta fita kwashe shanya ko jera bokitan tarar ruwa, yara sun ruga tsintar mangwaro. Don Allah idan gabas ta yi ja kuma kuka ji iska mai sanyi ta buso kwatsam, a bar shanyar ta jiƙe. A tara yara a ɗakin da ya fi ƙwari, nesa da taga. Maigida kuma tun a watan Maris ko Afrilu ya kira kafinta ya duba ƙusoshi da katakon rufi, ya sauke duwatsun nan.

Sai maganar rauni, wadda ita ce tawa. Bayan guguwar Joplin, mutum 13 cikin waɗanda suka ji rauni sun kamu da wata muguwar cuta mai cin nama, biyar daga cikinsu suka rasu. Wani nau'in fumfuna ne da ke zaune cikin ƙasa da ruɓaɓɓen itace, iska ta cusa shi can cikin tsoka tare da tarkace. Raunin iska ƙazamin rauni ne ko da bakinsa ƙarami ne. A danne shi da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, a wanke da ruwa mai yawa da sabulu. Ban da toka, ban da ƙasa, ban da man birki. Idan ƙarfe ko katako ya nutse a jiki kada a zare, a tallafe shi a tafi da shi asibiti a haka. A nemi allurar tetanos, wato rigakafin sarƙewar haƙora. Wanda abu ya faɗo wa a ka, ko ya tashi yana magana, a sa masa ido kwana guda: amai, barci mai nauyi, ruɗewa ko ciwon kai mai ƙaruwa, duk na komawa asibiti ne a daren. Idan kuma ma'aikaci ya wanke raunin ya ce ba zai ɗinke yau ba sai bayan kwana biyu ko uku, kada ku yi masa faɗa. Ɗinke datti a ciki shi ne abin da yake gudu.